Satifiket ɗin mai kula da saba: kuɗin da yake ci da ƙofar da yake buɗewa

Matashin da ya karanta kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko a KASU, ko ya haura Zariya ya yi ABU ko Nuhu Bamalli, da wuya ya gama bautar ƙasa ba a ce masa "je ka yi satifiket" ba. Malaminsa zai faɗa masa, yayansa da ke aiki a Abuja zai maimaita, masu cibiyoyin horo na cikin gari kuwa har allo suke kafawa a bakin titi. Shawarar ba ƙarya ba ce, amma rabinta aka faɗa. Ba a gaya masa wane satifiket ba, ba a gaya masa da dala ake biya ba, ba a gaya masa wa zai duba takardar ba, balle a ce masa yawancinsu shekara biyu ko uku suke yi su mutu. Matsayina a wannan magana shi ne, takardar tana da daraja, amma darajarta ba ta wuce wahalar jarrabawar da ta haife ta ba. Inda jarrabawa ta sa mutum ya gyara kwamfuta da hannunsa, takardar shaida ce ta gaske. Inda za a iya cinye ta da hadda, asarar kuɗi ce.

Bari mu fara da aikin kansa, don mutane da yawa suna haɗa shi da gyaran kwamfuta ko rubuta manhaja. Kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da take tashi da ita, wadda sauran manhajoji suke zaune a kanta, irin su Windows da Linux. A ofis kuma akwai kwamfutar da ba a zama a gabanta, amma ita ke riƙe da bayanan kowa, wato saba. Mai kula da ita, wanda a ofis ake ce wa admin, shi ke girka babbar manhajar, ya buɗe wa kowane ma'aikaci asusu, ya yanke wa zai ga wane fayil, ya sa facin tsaro, wato gyaran da ke toshe ramukan manhaja, a kan lokaci, ya ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban, ya kuma tabbatar in wuta ta ɗauke ta dawo komai ya tashi yadda aka bar shi. Cibiyar da ake rubuta JAMB a kwamfuta, da asibitin da ya bar katin takarda, da ƙaramin banki, da gidan rediyo, da hukumomi irin su KADGIS mai kula da filaye da KADIRS mai karɓar haraji, duk akwai irin wannan mutum a bayansu. Ba a tunawa da shi sai ranar da aka ce wa jama'a "a dawo gobe, babu netwok".

Wanda yake ganin ƙaramin aiki ne ya tuna da watan Mayun 2017, lokacin da muguwar manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. A Ingila ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati da dama, aka soke ganin likita da tiyatar dubban marasa lafiya. Abin takaicin shi ne kamfanin Microsoft ya fitar da facin da ke toshe wannan rami tun watan Maris. Wata biyu maganin yana ajiye, ba a sa shi ba. Aikin admin ke nan: abin da ya yi ko ya bari yau, shi ke yanke abin da zai sami marasa lafiya bayan wata biyu.

To mai ɗaukar ma'aikaci ta yaya zai gane wanda ya iya? Nan ne asalin amfanin satifiket yake. Mai asibiti a Unguwar Rimi likita ne, mai makaranta a Malali malami ne, manajan ƙaramin banki a Kakuri ɗan lissafin kuɗi ne. Babu ɗayansu da zai iya zaunar da mai neman aiki ya gane ko ya san Linux ko baki ne kawai. Digiri ba ya warware masa matsalar, domin mutum yana iya gama kimiyyar kwamfuta da sakamako mai kyau bai taɓa girka saba ko ɗaya ba. An koya masa yadda babbar manhaja ke rarraba lokaci da ƙwaƙwalwa a kan allo, ba a ba shi injin ya lalata ya gyara ba. Sai mai ɗaukar aiki ya koma ga hanyar da ya sani: ɗan wane ne, wa ya aiko shi. Wanda yake da uwa a gindin murhu ba ya buƙatar wata takarda. Ɗan talakan Rigasa ko 'yar Tudun Wada da ba su san kowa ba, su ne ke buƙatar wani daga waje, wanda bai san su ba kuma ba ya jin kunyar kowa, ya ce wannan ya iya. Saboda su nake ɗaukar maganar satifiket da muhimmanci, kuma saboda su nake jin zafin wanda ake sayar musu na banza.

Yadda takarda ke zama ta banza an gan shi tun da daɗewa. A ƙarshen shekarun 1990, zamanin Windows NT, satifiket ɗin MCSE na Microsoft ya yi tashe a duniya har ana ɗaukar mutum aiki da ganin haruffan nan huɗu kawai. Jarrabawar yawanci ta zaɓi-ɗaya ce. Sai masu fita daga ɗakin jarrabawa suka riƙa rubuta tambayoyin da suka gani, ana tarawa ana sayarwa. Mutane suka haddace amsoshi, suka ci, aka ba su saba, suka kasa. Cikin 'yan shekaru masu ɗaukar aiki suka daina gaskata takardar, har waɗanda suka yi karatu da gumi suka shiga cikin zargi. Wannan cuta ba ta mutu ba. Yau ma akwai masu tura wa matasa tarin tambayoyin sata ta WhatsApp da Telegram, wasu ma suna alƙawarin zauna wa mutum jarrabawar daga nesa. Kamfanonin suna soke satifiket ɗin wanda suka kama, suna kuma iya hana shi sake zama. Ko ba a kama shi ba, wanda ya ci da sata yana nan kamar mai lasisin tuƙin da bai taɓa riƙe sitiyari ba: takardar za ta wuce da shi shingen bincike, ba za ta kai shi Zariya lafiya ba.

Kamfanin Red Hat ya bi wata hanya daban tun 1999, da ya fito da RHCE, sannan a 2010 ya kawo RHCSA a matsayin matakin farko. Ina so in tsaya a kan wannan jarrabawa, mai lamba EX200, domin ita ce ke nuna yadda gwajin gaskiya yake. Babu tambayar zaɓi-ɗaya ko guda. Ana ba ka kwamfutoci masu Linux da jerin ayyuka, a ba ka 'yan awanni. Za a iya ce maka ga injin da aka manta kalmar sirrin babban asusunsa, ka shiga ka canza ta. Ka buɗe asusun ma'aikata ka raba su rukuni-rukuni, ka yi babban fayil ɗin da 'yan rukuni ɗaya kaɗai za su iya rubutu a ciki. Ka yanka faifan ajiya, ka faɗaɗa wani sashe ba tare da bayanan cikinsa sun salwanta ba. Ka sa wani aiki ya riƙa gudana da kansa kowace rana a ƙayyadadden lokaci. Ka gano dalilin da ya sa wata manhaja ta ƙi tashi alhali komai nata daidai ne, sai ka tarar mai gadin tsaro na SELinux ne ya hana ta, ka ba ta izini ba tare da ka kashe mai gadin ba. Ba a barin ka ka yi bincike a intanet, sai littattafan bayani da ke cikin injin kansa, saboda haka dole ka iya nemo amsa a cikinsu da sauri. Ana buƙatar maki 210 cikin 300.

Akwai sharaɗi ɗaya a jarrabawar da ya fi burge ni: duk abin da ka yi dole ya tsaya bayan an kashe injin an kunna. In ka haɗa faifai da hannu ya yi aiki a gabanka, amma ka manta rubuta shi a fayil ɗin da injin ke karantawa lokacin tashi, makinka ya tafi. In kuma ka rubuta shi da kuskuren harafi ɗaya, injin yana iya ƙin tashi gaba ɗaya, sai sauran ayyukan da ka yi daidai su bi shi. Wanda ke aiki a garin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a rana ya san wannan sharaɗi ba ƙa'idar jarrabawa ba ce kawai. Kowace ɗaukewar wuta da inbata ya kasa riƙewa gwaji ne irin wannan. Wanda ya ci RHCSA ya nuna aƙalla ya iya barin inji a yanayin da zai tashi da kansa ba sai an kira shi da tsakar dare ba. Mataki na gaba, RHCE, tun 2019 ya koma kan Ansible, wato rubuta umarni sau ɗaya ya gudana a kan sabobi ɗari, kuma shi ma da hannu ake yin sa.

Gidauniyar Linux tana da LFCS, ita ma jarrabawar hannu ce da ake yi ta intanet, ba ta ɗaure mutum da kamfani ɗaya ba, kuma kuɗinta ya haɗa da damar sake zama sau ɗaya in an faɗi. Cibiyar LPI, wadda aka kafa a Kanada a 1999, tana da LPIC-1: jarrabawa biyu, kowace tambaya 60 cikin minti 90, ta zaɓi da cike gurbi. Darussanta masu faɗi ne, ta dace da mai son jerin abin da zai karanta. CompTIA tana da A+ da Network+ da Linux+ da Security+, masu kyau ga mai shigowa fagen daga wani fanni. Ban raina waɗannan ba. Abin da nake cewa shi ne, jarrabawar da yawancinta tambaya ce tana nuna ka sani, ta hannu kuwa tana nuna ka iya, kuma wanda ya san harkar yana bambanta su tun daga kallon takardar neman aiki.

Sai dai gaskiya ofisoshin Kaduna da yawa ba Linux suke amfani da shi ba. Intanet na duniya a kan Linux yake tsaye, kuma tun 2017 manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya dukansu shi suke ɗauke da shi, amma in ka shiga makaranta ko asibiti ko ofishin ƙungiyar agaji, abin da za ka fi tararwa Windows ne, da asusun ma'aikata a Active Directory, da wasiƙu a Microsoft 365. Mai son aiki a irin waɗannan wurare ya san cewa satifiket ɗin MCSA da MCSE na Microsoft sun yi ritaya tun 31 ga Janairun 2021. Duk cibiyar da ke tallan za ta ba ka MCSE yau, ka tambaye ta da kyau abin da take nufi. Microsoft ya koma ba da satifiket bisa irin aikin da mutum zai yi: AZ-104 ga mai kula da Azure, wato sabobin haya da ke cibiyoyin kamfanin ana sarrafa su ta intanet, sai AZ-800 da AZ-801 ga mai kula da Windows Server da ke haɗe da Azure. Ana cin su da maki 700 cikin 1,000. Darussan karatunsu kyauta ne a shafin Microsoft Learn. Shekara ɗaya kawai suke yi, amma sabuntawar kyauta ce, ta gajeren gwaji a intanet.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi kowace nauyi a wajenmu. A farashin Amurka jarrabawar RHCSA kimanin dala 500 ce, CCNA ta Cisco, kamfanin na'urorin netwok, dala 300, ta Microsoft dala 165, kodayake Microsoft da LPI suna rage farashi bisa ƙasar da mutum yake. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. Da aka saki naira, a 2024 ta haura 1,500. A wannan farashi dala 500 ta zama naira 750,000, wato albashin sama da wata goma ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ɗan bautar ƙasa mai alawus ɗin naira 77,000 sai ya tara kusan na shekarar duka bai ci bai sha ba. Jarrabawar ba ta canza ba, amfaninta bai ninka uku ba, amma kuɗinta a aljihun Bakaduna ya ninka uku. Shawarar da ta dace a 2020, ta a tara satifiket uku huɗu a jera a takarda, ba ta dace da yau ba. Ga kuma wahalar biyan kuɗin kanta: daga 2022 bankuna da yawa sun hana katin naira biyan kuɗi a ƙasashen waje, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa da iyaka, saboda haka mutane suka riƙa bi ta hannun dillalan takardar biya, inda ake iya cutar mutum.

Zaman jarrabawar ma yana da nasa lissafi. Ana iya zuwa cibiyar da kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE ya amince da ita don ta Microsoft da Cisco da CompTIA, ana kuma iya yi daga gida, mai sa ido yana kallonka ta kyamara. Daga gida ya fi arha a ido, amma sharuɗɗansa masu tsauri ne. Za ka zagaya da kyamara ya ga ɗakin, tebur babu komai, ba wanda zai shigo, ba za ka yi magana ba, ba za ka tashi ba sai da izini. A gidan Bahaushe, inda yaro zai turo ƙofa ko baƙo ya yi sallama dole a amsa, wannan sai an shirya da mutanen gida tun jiya. Ta Red Hat kuma sai ka tayar da kwamfutarka daga filas na musamman da suka tanada, ka gwada ta kwanaki kafin ranar. In netwok ya yanke na dogon lokaci a tsakiyar jarrabawa, kuɗin da aka tara wata da watanni yana cikin haɗari. Wanda bai da tabbacin wuta da layi biyu na intanet, gara ya nemi ɗaki a wurin aiki irin CoLab da ke Barnawa in sun amince, ko ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa ya je cibiya a Abuja. Kuɗin tikiti ya fi kuɗin sake biyan jarrabawa sauƙi nesa ba kusa ba.

Mutuwar satifiket kuwa tana ɓata wa mutane rai, kuma ina fahimtarsu. Na Red Hat da Cisco da CompTIA shekara uku suke yi, LPIC shekara biyar, na Gidauniyar Linux tun 2024 shekara biyu. Akwai hujja a ciki, don ilimin yana tsufa da gaske. A Disambar 2020 Red Hat ya sanar da kawo ƙarshen CentOS 8, wani nau'in Linux wanda dubban ƙananan kamfanoni suka dogara da shi saboda kyauta ne, kuma CentOS 7 ya daina samun faci a 30 ga Yunin 2024. Windows Server 2012 ya fita daga kulawa a Oktoban 2023, Windows 10 a Oktoban 2025. Admin ɗin da iliminsa ya tsaya a 2015 haɗari ne ga wanda ya ɗauke shi. Amma kada mu rufe ido: kamfanonin nan kasuwanci suke yi. Kowane mai satifiket ɗin Azure mutum ne da zai ba ogansa shawarar a sayi Azure, kuma kowace sabuntawa kuɗin shiga ce ga wani. Don haka ba dole ne mutum ya riƙa sabunta kowace takarda har ƙarshen rayuwarsa ba. Wanda ya yi shekara biyar yana riƙe da sabobi na gaske, aikinsa ya fi takardar magana. Satifiket ya fi amfani a farkon tafiya, da kuma ranar da mutum zai sauya layi, misali daga Windows zuwa Linux, ko daga sabar ofis zuwa sabobin haya na intanet.

Wa ke duba takardar? A aikin gwamnati, na jiha ko na tarayya, digiri ko babbar difloma ke yanke matakin albashi. RHCSA ba za ta ɗaga ka daga mataki na 8 zuwa na 9 ba. Abin da doka ta sani shi ne rajista da majalisar ƙwararrun kwamfuta ta ƙasa, CPN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 49 ta 1993, kuma wannan rajistar sana'a ce, ba gwajin iya riƙe saba ba. Inda satifiket ke da ƙarfi sosai shi ne wajen kamfanonin kwangila. Kamfanin da ke son zama abokin hulɗar Microsoft ko Cisco dole ya nuna yana da ma'aikata masu satifiket, kuma a takardun neman kwangilar aikin kwamfuta akan nemi a haɗa da shaidar ƙwarewar ma'aikata. A irin wannan wuri takardarka kuɗi ce ga kamfanin kansa, kuma ya kamata ka san haka lokacin da ake cinikin albashi. Bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa suna amfani da ita wajen tace ɗaruruwan masu nema kafin intabiyu. Sai aiki daga nesa, inda mai ɗaukarka yana Turai ko Dubai, bai taɓa jin sunan makarantarka ba, amma yana iya shigar da lambar satifiket ɗinka a shafin Red Hat ya ga gaskiya ne cikin minti ɗaya. Wannan ƙofa tana da muhimmanci musamman ga 'yan'uwanmu mata da suka karanta fannin, waɗanda aure ko reno ya hana su zaman ofis daga safe zuwa yamma, don yawancin aikin saba ta baƙin allon rubuta umarni ake yin sa, daga ko'ina.

A gida ma an fara gane gibin. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, a 2024 ta raba babbar diflomar kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki na netwok da sabobin haya na intanet. Gwamnatin tarayya a 2023 ta ƙaddamar da shirin 3MTT ƙarƙashin minista Bosun Tijani don horar da matasa miliyan uku. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa asibitoci da makarantu da bankuna alhakin tsare bayanan da ke hannunsu, wanda ke nufin buƙatar admin na gaske za ta ƙaru. Duk wannan alheri ne. Amma a bambanta takardar halartar horo da satifiket. Wadda aka ba ka don ka zauna a aji wata uku tana cewa ka zo. Wadda aka ba ka bayan jarrabawar da za ka iya faɗuwa ita ce ke cewa ka iya. Cibiyoyin horo da yawa suna barin ɗalibi cikin duhu a kan wannan bambanci, sai ya fita da takarda mai tambarin cibiyar yana zaton ta kamfanin ce.

Akwai kuma abin da babu jarrabawar da ke aunawa, kuma shi ne rabin aikin. Admin yana iya karanta wasiƙar kowa, ya ga albashin kowa, ya buɗe fayil ɗin marar lafiyar da maƙwabcinsa ne. Amana ba ta cikin abin da EX200 ke gwadawa. Haka ƙarfin halin ce wa oga "ranka ya daɗe, wannan manhajar ta sata ce, ba zan sa ta a sabar da ke riƙe da bayanan mutane ba". Haka rubuta duk abin da ka canza a littafi don wanda zai gaje ka, maimakon riƙe kalmomin sirri a kai don kada a iya korarka. Haka gwada kwafin ajiya lokaci-lokaci a ga ko yana dawowa, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Ga kuma abubuwan da wanda ya tsara jarrabawa a Amurka bai yi tunaninsu ba: ƙurar hunturu da ke toshe fankar saba, zafin watan Afrilu in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, tsawar damina da ke bi ta waya ta ƙona na'ura, batirin inbata da ya gaji ba a sani ba. Waɗannan a bakin aiki ake koyonsu, a hannun wanda ya riga ka.

Saboda haka ga ƙanena da ke tambaya, tsarin da nake ganin ya fi shi ne a jinkirta biyan kuɗi, a gaggauta fara aiki da hannu. Laftof mai ƙwaƙwalwar gigabait 8 ya isa. Ka sa VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutar gwaji a cikin laftof ɗinka, kyauta ne, ka girka Rocky Linux ko AlmaLinux a ciki, su ma kyauta ne kuma kusan ɗaya suke da na Red Hat; shi kansa Red Hat yana ba mai koyo rajistar kyauta ta inji har 16. Windows Server yana da na gwaji na kwana 180. Ka sauke jerin abubuwan da jarrabawar ke gwadawa daga shafin kamfanin, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka lalata injin da gangan, ka goge abin da bai kamata a goge ba, ka gyara. Ku haɗu ku uku ko huɗu, wannan ya ɓata wa wancan inji ba tare da ya faɗa masa abin da ya taɓa ba, ya ba shi rabin awa ya gano. In lokacin SIWES ko bautar ƙasa ya zo, ka roƙi a kai ka inda akwai saba ko da ba a biya, ko ka je makarantar unguwarku ka ce za ka kula musu da ɗakin kwamfuta. Sai ranar da ka iya yin duk abin da ke cikin jerin ba tare da duba littafi ba, cikin lokacin da aka ƙayyade, sannan ka fitar da kuɗi, kuma ka zaɓi guda ɗaya, wanda ya dace da injinan wurin da kake son aiki. Ka sa ido ga rangwame: Gidauniyar Linux takan karya farashi sosai a ƙarshen Nuwamba, makarantar Cisco ta intanet tana ba ɗaliban da suka yi ƙoƙari takardar ragi, Microsoft ma yakan ba da a wasu shirye-shiryensa na horo.

Masu ɗaukar aiki su ma da nasu kason. Asibiti ko makarantar da ta sayi saba ta miliyoyin naira, ta sayi inbata da batura, bai kamata ta ga kuɗin jarrabawar wanda zai riƙe su a matsayin almubazzaranci ba. Ana iya biya masa da yarjejeniya a rubuce cewa zai yi shekara biyu kafin ya tafi, in ya tafi kafin nan ya mayar da wani kaso. In kuma za a ɗauki sabo, kada a tsaya ga takarda kaɗai: a nemi lambar satifiket a tabbatar da ita a shafin kamfanin, sannan a gayyato wani wanda ya san aikin daga waje, a ajiye wa mai nema laftof da injin da aka ɓata, a ba shi minti 30. Wanda ya zo da takarda ya kasa, an huta da shi tun kafin a miƙa masa bayanan jama'a. Wanda ya zo babu takarda ya gyara, a ɗauke shi, a biya masa jarrabawar a shekararsa ta farko.